Yaya za mu tallafa wa 'yan mishan da addu'a? Amsa ga wata shugabar zumuntar mata

Wata shugabar zumuntar mata ta aiko da tambaya. Ta ce ekklesiyarsu ta ɗauki nauyin wani ma'aikacin bishara da matarsa waɗanda ke aiki a wani ƙauye mai nisa, kuma kowace Lahadi mai jagorar sujada yakan roƙi Ubangiji ya tuna da 'yan mishan a duk inda suke, jama'a su ce amin, shi ke nan sai wani mako. Ta ce abin yana damun ta, domin ta sha jin ana cewa addu'a ita ce gudummawar wanda ba shi da abin bayarwa, tana kuma so ta san ko akwai hanyar da mata za su riƙa yin wannan addu'a da ta fi wadda suke yi yanzu.

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, Allah kuma ya ƙara miki wannan nawaya, domin ba kowa ne ake ba ta ba. Amsata a taƙaice ita ce, addu'a domin ɗan mishan aiki ce daga cikin aikin aikensa, tana wuyan mai kuɗi kamar yadda take wuyan marar kuɗi, kuma ba ta yin nauyi sai idan mai yin ta ya san mutumin da yake yi wa, ya san inda yake da halin da yake ciki a wannan watan. Addu'ar da kuke yi ran Lahadi ba laifi ba ce, amma ta yi faɗi da yawa, ta yadda ko da Allah ya amsa ta babu wanda zai gane an amsa, balle ya yi godiya.

Mu fara da inda aikin ya faro. A sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni, ekklesiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu. Bayan an faɗi haka ba su tashi nan take ba, sai da aka ƙara yin azumi da addu'a, aka ɗora musu hannu, sa'an nan aka sallame su. Da suka gama zagayensu, ƙarshen sura ta 14 ta nuna mana cewa Antakiya suka koma, suka tara jama'ar da ta aike su, suka ba da labarin abin da Allah ya yi. Wato tun daga farko, ekklesiyar da ta aika ita ce mai addu'a, ita ce kuma mai haƙƙin jin labari. Inda aka yanke labari, addu'a takan mutu a hankali, ko da bakin jama'a yana ci gaba da cewa amin.

Tarihin ƙasarmu ma ya shaida haka. A watan Disamba na 1893 ne samari uku 'yan mishan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasashen da Turawa ke kira Sudan a lokacin. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida shi kaɗai. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya mayar da shi. Sai a 1902 ƙungiyar mishan da Bingham ya jagoranta, wadda aka sani yau da SIM, ta samu wurin zama na farko a Patigi. A tsawon waɗannan shekaru babu wani sakamako da za a nuna wa kowa, abin da ya riƙe aikin shi ne 'yan tsirarun mutane a Kanada da suka ƙi daina roƙo, cikinsu har da mahaifiyar Gowans, wadda ita ce ta fara ɗora wa Bingham wannan nawaya. Ba banza ba ne taken SIM har yau yake cewa ta wurin addu'a ake aikin. Daga wannan tushe ekklesiyar ECWA ta fito a 1954, tun kafin nan ma, a ƙarshen shekarun 1940, masu bi 'yan ƙasa sun riga sun kafa tasu ƙungiyar aike, wadda muka sani yau da sunan EMS, wadda Rabaran Panya Baba ya jagoranta daga 1970 zuwa 1988. A shekarun 1960 kuma, aikin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya bazu ne a kan ƙananan ƙungiyoyin addu'a da ke taruwa cikin gidaje. Yawancin waɗanda suka riƙe waɗannan taruka manoma ne da mata masu ƙaramar sana'a, irin waɗanda kike shugabanta.

To, me za a roƙa? A nan ina ba ki shawara ki bar Manzo Bulus ya zama malaminku, domin shi ɗan mishan ne da ya rubuta buƙatunsa na addu'a da kansa, kuma abin da ya roƙa ya bambanta da abin da mu muka saba roƙa masa da ire-irensa. A Kolosiyawa 4:3-4 ya nemi a roƙa Allah ya buɗe ƙofa domin Maganar, ya kuma ba shi ikon bayyana ta a sarari yadda ya kamata. A Afisawa 6:19-20 ya nemi a roƙa masa kalmomi da gaba gaɗi. Wasiƙun nan biyu daga kurkuku ya rubuta su, amma a cikin waɗannan ayoyi bai sa sakinsa a gaba ba, damuwarsa ita ce kada tsoro ko rashin iya magana su rufe masa baki. A 2 Tasalonikawa 3:1-2 ya nemi Maganar ta yaɗu da sauri, a kuma kuɓutar da su daga mugayen mutane. A Romawa 15:30-32 kuwa ya ƙara wani abin da ba kasafai muke tunawa da shi ba, wato masu bi na Urushalima su karɓi hidimarsa da hannu biyu. Ki lura da wannan na ƙarshe, Mama. Manzo guda yana fargabar yadda 'yan'uwansa masu bi za su karɓe shi. A cikin abin da na gani a wannan aiki, ma'aikatan da suka bar filin bishara saboda saɓani da abokin aiki, ko da dattawan da suka aike su, ko da faston ekklesiyar da ke kusa, ba su gaza waɗanda tsanani ya kora ba.

Batun bayyana magana a sarari yana da wani gefe da mu masu jin Hausa muke yawan mantawa da shi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen sujada ga kabilu da yawa, har ɗan mishan yakan ɗauka cewa da ita kaɗai zai shiga ko'ina. Zai iya yin ciniki da ita a kasuwa, amma tsohuwar da ke rugar Fulani, ko a ƙauyen Kambari, ko cikin Barebari ko Zabarmawa, Hausar kasuwa take ji, zancen zuciya kuwa sai da harshen da ta sha a nono. Saboda haka idan ma'aikacinku yana cikin mutanen da ba Hausawa ba, ku roƙa masa kunne da harshe, da tawali'un zama gaban yara suna yi masa dariya suna gyara masa furuci, domin wannan koyo yakan ci shekaru, kuma da yawa sukan gaji a hanya.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da sani. Matar da za ta kai wa mai gida abinci gona dole ta san gonar da ya tafi yau, in ba haka ba ta yi ta yawo da ƙwarya a ka shi kuma yana can da yunwa. Ku zaɓi mace ɗaya mai riƙon amana ta zama ita ce ke kiran matar ɗan mishan a ranar da aka tsayar, ko da sau biyu a wata, kuma kuɗin katin ya fito daga asusun zumunta. Ku tuna cewa a wurare da yawa sai mutum ya hau kan dutse ko ya tafi garin da ake cin kasuwa kafin wayarsa ta kama, don haka ku bari su su faɗi rana da lokaci. Idan an same su, kada tambayar farko ta zama mutum nawa suka tuba. Wannan tambaya ta jefa ma'aikata da yawa cikin jarabar ƙara gishiri a rahoto, ta kuma sa masu gaskiya jin kunyar da ba su cancanta ba, alhali akwai wuraren da mutum zai shekara biyar yana gaisuwa da zuwa jana'iza da suna kafin wani ya zauna ya saurare shi. Ku tambayi lafiyar yara, ku tambayi ruwan sha, ku tambayi wanda suka fi zama da shi a garin, ku tambayi abin da ya fi yi musu nauyi a wannan watan, sa'an nan ku yi shiru ku ji.

Ko ba a same su a waya ba, lokutan shekara da kansu suna faɗa muku abin roƙo. Da damina rafi yakan cika ya raba ƙauye da gari, babur ya maƙale a laka, sauro ya yi yawa. Ki kwatanta a ranki yaro ɗan shekara uku jikinsa ya yi zafi da tsakar dare, uwar tana jiƙa zane tana shafa masa, uban yana tsaye a ƙofa da tocila yana sauraron ƙarar ruwa, ya san ba a haye rafin nan sai gari ya waye, asibiti kuma yana hayin can. Wannan ba labarin gida ɗaya ba ne, kusan duk wanda ya yi aikin karkara ya kwana irin wannan dare. Wajen watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, maƙwabta kuma suna zuwa neman awo wurin malamin coci domin suna zaton yana da shi. A watan Satumba kuɗin makaranta ke hana barci. Da kaka jama'a suna gona daga safe har yamma, sujada takan ragu. Da rani samari sukan tafi cin rani birni, sai ma'aikaci ya ga 'yan mutanen da ya sha wahalar koyarwa sun watse, ya rage daga shi sai tsofaffi da yara, kuma a nan ne karayar zuciya ta fi kama mutum. Da bazara ga zafi, ga ƙarancin ruwa, ga sanƙarau. Zumuntar da ta rubuta waɗannan a bangon littafinta ba za ta rasa abin faɗa wa Allah ba.

Ina so in daɗe kaɗan a kan matar ɗan mishan, tun da ku mata ne, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Mijin yana fita, yana wa'azi, yana zuwa taron ma'aikata, yana haɗuwa da abokai. Ita tana gida cikin matan da ba ta jin harshensu sosai, ba uwa kusa, ba 'yar'uwa, ba wadda za ta yi mata wankan jego. Sau da yawa ita ce ke noman da ke ciyar da gidan, ita ce ke koyar da yara karatu a ƙarƙashin itace, kuma ta ƙofarta ce matan gari ke fara shigowa, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. Idan 'ya'yanta sun isa makaranta, dole ta zaɓa tsakanin ta riƙe su ba ilimi mai kyau, ko ta rabu da su suna ƙanana zuwa makarantar kwana ko gidan dangi. Ku kira sunanta a gaban Allah, ku kira sunayen 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Ku roƙa wa aurensu zaman lafiya, ku roƙa a tsare mijin daga jarabar mata da ta kuɗi da kuma hassadar abokin karatunsa da aka ba babbar ekklesiya a birni. Faɗin waɗannan ba zargi ba ne. Mutumin da ke nesa da masu tsawata masa yana cikin haɗarin da wanda ke tsakiyar 'yan'uwa ba ya ciki, kuma shi kansa ba zai taɓa rubuta wannan a wasiƙar addu'a ba.

Akwai gargaɗi biyu da ba zan tsallake ba. Na farko, ku iya bakinku. Sunan ƙauye, da hoton gidan ma'aikaci, da sunan wanda ya fara zuwa da tambayoyi a ɓoye, ba abubuwan sakawa a WhatsApp ko Facebook ba ne, ko da an rubuta buƙatar addu'a a kansu. Saƙo ɗaya yakan zagaya ya koma garin da aka yi zancensa cikin kwana guda, ya jawo wa sabon mai bi kora daga gida, ko ya nuna wa masu satar mutane ƙofar da za su buga. Allah ya san sunan garin, ba sai duniya ta sani ba. Na biyu, ku lura da irin addu'ar da kuke yi a kan mutanen garin. Salon nan da ya shigo na kiran wuta da mutuwa a kan maƙiya ba shi da wuri a aikin bishara. Mutanen nan, Musulmi ne ko masu bin addinin gargajiya, su ne suka ba ma'aikacinku wurin zama da gona, da yawansu kuma sun tsare shi a ranar tashin hankali. Ku roƙa wa hakimi da dagaci da mai unguwa hikima, kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta umarta, ku roƙa wa garin damina mai albarka da lafiyar dabbobi da zaman lafiya. Wanda ke la'antar mutane a ɗakin addu'a ba zai iya ƙaunar su a fili ba.

Wata rana wata daga cikin matan za ta tambaye ki abin da ya sa aka yi addu'a amma mugun abu ya faru, gara ki shirya tun yanzu. A sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kama Bitrus, ekklesiya ta dage da roƙo, aka fitar da Bitrus. Sura ɗaya, ekklesiya ɗaya, ƙarshe biyu. Bulus ya roƙi Romawa su yi fama tare da shi domin ya kuɓuta a Yahudiya ya iso wurinsu da farin ciki. A Urushalima aka kama shi, ya shekara biyu a tsare a Kaisariya, ya iso Roma ɗin kuwa, amma a matsayin ɗan sarƙa. A zamaninmu, Jeffery Woodke, ɗan mishan Ba'amurke da aka sace a Abalak ta Jamhuriyar Nijar a watan Oktoba na 2016, an sake shi a watan Maris na 2023 bayan fiye da shekara shida ana roƙo dominsa. Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) kuwa, wanda 'yan Boko Haram suka kama a Michika, an yi masa addu'a a ko'ina cikin ƙasa, aka kashe shi a watan Janairu na 2020, sai dai duk wanda ya ga saƙonsa daga hannun masu tsare da shi ya ga mutumin da bangaskiyarsa ba ta girgiza ba. Ba ni da ikon in ce miki ga dalilin da ya sa aka saki wannan aka ɗauki wancan, kuma ina roƙon ki kada ki yarda kowa ya ce wa gwauruwa ƙarancin addu'a ne ya jawo. Abin da nake koyarwa shi ne a roƙi kuɓuta da dukan zuciya, a kuma haɗa da roƙon jimiri, domin Bulus ya nemi duka biyun.

Yanzu ga maganar masu cewa addu'a gudummawar marar abin hannu ce. Sun yi kuskure ta fuska biyu. Mai kuɗin da ya ba da baiko ya juya baya bai sauke nauyinsa ba, mai addu'ar da ke da mudu biyu na masara ya hana shi ma bai sauke ba. Yakubu 2:15-16 ta yi magana a kan wanda ke sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi. Ekklesiyar da ke roƙon Allah ya biya wa ɗan mishan buƙata alhali ta riƙe masa alawus na wata uku, tana roƙon Allah ne ya biya bashin da ke kanta. Likita Andrew Stirrett, ɗan mishan na SIM wanda ya iso ƙasar nan a 1902 ya kuma yi aiki cikin Hausawa har rasuwarsa a 1948, mutum ne mai addu'a ƙwarai, amma shi ne kuma ya nace wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kullum, abin da ya taimaka wajen rage mace-macen da zazzaɓi ke yi musu. Haka nan ku ma, idan kun roƙa wa yaran nan tsari daga zazzaɓin cizon sauro, ku tambaya ko suna da gidan sauro. Na lura cewa zumuntar da ta fara addu'a da sani ba ta daɗewa sai ta fara tara hatsi da sabulu da zannuwa da kaka ba tare da kowa ya yi mata wa'azin bayarwa ba.

Game da tsari, kada ki ɗora wa mata abin da ba za su iya riƙewa ba. Minti goma a kowane taron zumunta, da aka keɓe wa wannan iyali kaɗai, ya fi azumin kwana bakwai da za a yi sau ɗaya a manta. Ku raba ranakun mako tsakanin ƙungiyoyinku, ta yadda kowace rana akwai gidan da ke ambaton su a addu'ar safe, yara kuma su ji sunayen har su haddace. Ku sami littafi guda, a rubuta abin da aka roƙa da kwanan wata a hagu, a bar dama domin ranar da amsa ta zo, magatakarda ta riƙa karanta amsoshin a gaban kowa, domin 2 Korantiyawa 1:11 ta nuna cewa amfanin taron masu roƙo shi ne a sami taron masu godiya. Ku kuma sanar da ma'aikacin ranar da kuke yi masa addu'a, ku tambaye shi ya yi muku ku ma.

Idan sun zo hutu, ku nemi dattawa su ba su lokaci na sosai a gaban jama'a, ba minti biyar a ƙarshen sanarwa ba, ku kuma ware wani zama na mata zalla da matar, inda za ta iya faɗin abin da ba za ta faɗa a gaban maza ba. Idan hanya da tsaro sun yarda, mata biyu ko uku su je su kwana a wurinsu sau ɗaya a shekara, da izinin fasto da shawarar shi ma'aikacin a kan lokacin da ya dace. A shafin ƙarshe na littafin nan kuma ku rubuta sunayen tsofaffin 'yan mishan da suka yi ritaya a yankinku, da matan waɗanda suka rasu a bakin aiki, domin da zarar mutum ya bar fili sunansa yakan fita daga jerin addu'a, alhali a lokacin ne ciwo da kuɗin magani da rashin gidan kansa suke fara samun sa.